Mangwaron Gefen Diamond Head

Ranar Alhamis da la'asar Tutu Momi ta kira Lopaka Medeiros a waya. Yana kwance a ƙarƙashin wata babbar mota a garejin da yake aiki a unguwar Kalihi da ke birnin Honolulu, hannuwansa duk baƙin mai, amma da ya ga sunanta sai ya jawo jiki ya fito ya miƙe tsaye, har da gyara wuyan riga, sai ka ce tana ganinsa.

Tutu Momi kakar Nainoa ce, saurayin da zai auri 'yarsa Pomai nan da mako uku, kuma ita ta rene shi. Tutu kuwa kaka ke nan a yaren mutanen tsibirin. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyarwa kafin ta ajiye aiki, har yau kuma in tana magana kalmominta ɗaya bayan ɗaya suke fitowa, kamar tana jira a rubuta. Lopaka kuwa a aji goma ya bar makaranta ya kama sufana. Sau ɗaya ya taɓa zuwa gidanta a unguwar Aina Haina, ranar da iyaye suka je gaisawa, ya yini yana kallon yatsun ƙafarsa a kan tabarmarta, yana fatan kada a yi masa tambaya mai tsawo.

"Lopaka, Pomai ta ce kana da injin yankan itace."

"Ina da shi, Anti. Yana ci sosai. Kwanan nan ma na sake masa sarƙa."

"Ban tambaye ka sarƙa ba. Mangwaro biyu ne a gidana. Wanda ke gefen Diamond Head nake so a sare kafin biki. Gobe zan tafi tsibirin Molokai wurin ƙanwata, sai Lahadi zan dawo, Nainoa kuma an tura shi aiki garin Hilo. Ƙofar shinge ba ta da kwaɗo. Za ka iya ranar Asabar?"

"Zan iya, Anti."

"Ka gane wanda nake nufi?"

"Na gane, Anti."

A ganinsa kuwa ya gane. Mutumin Honolulu ba ya cewa gabas ko yamma. Wajen tsauni, wajen teku, wajen garin Ewa, wajen dutsen Diamond Head, da waɗannan huɗun ake kwatance tun daga kan titi har cikin kicin. A Kalihi aka haifi Lopaka, can ya yi aure, can yake aiki, kuma daga Kalihi dutsen Diamond Head yana inda rana take fitowa ne. Tun yana ƙarami in uwarsa ta ce gishiri na gefen Diamond Head na murhu, hannunsa ya san inda zai je kafin kansa ya yi tunani.

Daɗi ya ji ƙwarai. Tun da aka sa ranar auren yake neman abin da zai yi wa mutanen nan. Dangin Nainoa akwai likita, akwai lauya, akwai mai koyarwa a jami'a, shi kuwa ba shi da abin nunawa sai hannuwa biyu. Ga shi yau an nemi hannuwan.

Ranar Asabar da sassafe ya biya ya ɗauki Rudy, yayan matarsa Lita, tsohon direban bas daga Waipahu wanda bakinsa ba ya hutawa. Suka ɗora injin da igiya da tsani a bayan a-kori-kura suka hau babban titi. Suna wuce jami'a dutsen ya bayyana a hannunsu na dama, ƙato, launin ƙasa, bayansa a gantsare kamar kifin da ya ɗago daga ruwa.

"Dubi tsohon nan," in ji Rudy. "Dutse ɗaya, 'ya'ya dubu. Titi Diamond Head, makabarta Diamond Head, gidan wasa Diamond Head, mai sayar da burodi ma Diamond Head. Ɗan ƙanena da ke Las Vegas ya buɗe wurin wankin mota a tsakiyar hamada, ka san sunan da ya sa masa?"

"Na sani, Manong. Kullum sai ka faɗa."

Manong ake ce wa yaya a gidansu Lita, shi ma Lopaka haka ya ɗauka tun da ya shigo dangin.

"Kuma ko ƙwayar lu'ulu'u babu a cikinsa. Dutse mai aman wuta ne da ya mutu, baƙi na hawa suna haki suna ɗaukar hoto."

"Kai ka taɓa hawa?"

"Me na ɓatar a can? Kai fa, Fotugis?" Haka yake tsokanar Lopaka, don kakanninsa Turawan Fotugis ne.

"Gwiwata ta aiki ce."

Suka yi dariya. Titin ya sauka Kahala, dutsen ya zame ya koma bayansu, babu wanda ya waiwaya. Suka bi gaɓar teku, suka karya hagu suka shiga kwarin Aina Haina, har inda tuddai biyu suka matso suka rufe komai sai sama.

Gidan Tutu Momi na katako ne, fari, mai baranda. Mangwaro ɗaya yana wajen fitowar rana, babba, ganyensa har baƙi-baƙi don lafiya, 'ya'ya sun yi masa nauyi, inuwarsa ta rufe rabin tsakar gidan. Ɗayan yana wajen faɗuwar rana, ya karkace ya jingina kan shingen maƙwabci, rabin rassansa a bushe, gara ta yi hanya a jikinsa.

Lopaka ya sauke injin a gindin babban.

Rudy ya tsaya riƙe da igiya, ya dubi wannan, ya dubi wancan. "Ka tabbata? Wancan ne fa yake roƙon a sare shi."

"Gefen Diamond Head ta ce."

"E, nan ne gefen Diamond Head, ban musa ba. Amma wa zai sare itace irin wannan? Ko hauka."

"Wurin biki take so a buɗe. Ina za a kafa rumfa in wannan yana nan? Mutum ɗari da hamsin fa."

"Kira ta dai. Me za ta yi maka, ta ba ka sifiri?"

Lopaka ya ciro waya ya zaga bayan mota. Ya nemo sunanta, ya ɗora babban yatsa a kai. Sai ya ji muryarta a kunnensa tana cewa, ai na tambaye ka ko ka gane. Ya hango ta a gidan ƙanwarta ta ajiye wayar tana girgiza kai, tana cewa uban yarinyar nan ko kwatancen itace biyu ba ya iya riƙewa. Ya tsaya a wurin kamar minti biyu, yana kallon tayar motarsa. Sannan ya mayar da wayar aljihu ya dawo.

"Shi ne," ya ce.

Bai ce ya kira ba. Bai kuma ce bai kira ba. Rudy ya ɗaga kafaɗa ya fara warware igiya.

A gindin itacen an jera baƙaƙen duwatsu masu santsi, irin na bakin teku, sun zagaye shi. Rudy ya kwashe su ɗaya-ɗaya ya tara a gefen baranda don kada su ci haƙoran injin. Lopaka ya ga duwatsun, ya yi kamar bai gani ba. Ya ja igiyar injin.

Aiki suka yi mai kyau, wannan kam babu mai musu. Daga sama suka fara, reshe-reshe, suna saukewa da igiya don kada a taɓa rufin. Mangwaro ya riƙa zubowa kamar ƙanƙara, Rudy yana tsinta yana sha yana cewa shekara sittin da huɗu bai taɓa sa irin wannan a bakinsa ba, wallahi tsohuwar nan ta taɓu. Ƙamshin ɗanyen itace ya cika gidan. Kafin ƙarfe biyu sun yanka gangar jikin gunduwa-gunduwa, sun jera, sun share tsakar gida tas. Abin da ya rage kututture ne fari mai faɗin teburin cin abinci, yana tsatsar ruwa. Lopaka har ya cika buhu biyu da 'ya'yan ya ajiye mata a inuwar baranda, ya tsaya yana goge gumi yana tunanin irin godiyar da za ta yi.

A lokacin Pomai ta iso. Daga aikinta na kantin magani ta biyo, da rigar aikin a jikinta, ta riƙo musu shinkafa da kifi a leda. Ta turo ƙofar shinge, ta yi taku uku, ta tsaya.

"Kin ga aiki ko?" in ji Rudy. "Ki gaya wa surukarki ba a samun irinmu a kasuwa."

Ba ta dube shi ba. Kututturen take kallo.

"Baba, me ka yi?"

"Abin da aka sa ni. Na gefen Diamond Head."

"Baba, ina Diamond Head daga nan?"

Ya ɗaga hannu zai nuna wajen fitowar rana. Hannun ya je rabi ya tsaya. Ya tuna dutsen a hannun dama da safe, ya tuna yadda ya zame ya koma baya, su kuma suka ci gaba da tafiya mil biyu ko uku. A hankali hannun ya juya da kansa, ya nuna bayan gidan maƙwabci, ta kan karkataccen itacen da gara ta ci.

"A nan wajen fitowar rana gefen dutsen Koko Head ake ce masa," in ji Pomai. Muryarta ƙasa-ƙasa. "Kowa ya sani, Baba. Kai ma ka sani."

Ya sani kuwa. Da baƙo ne ya tambaye shi a gareji, da ya yi masa bayani har da zane a ƙasa. Kansa ya sani, hannunsa ne bai taɓa barin Kalihi ba.

"To, an yi kuskure," in ji Rudy. "Itace ne. A dasa wani."

Pomai ta ajiye ledar a kan matakala. "Kawu, mabiyiyar Nainoa ce a ƙarƙashinsa. Ranar da aka haife shi kakansa ya karɓo ta daga asibiti ya binne a nan, ya dasa itacen a kai. Duwatsun nan shi ya kwaso su daga Molokai a cikin jaka. Ya rasu Nainoa na shekara tara. A gindinsa za mu tsaya a ɗaura auren, shi ya sa ma aka ce a gida za a yi."

Ƙudaje sun fara taruwa a kan mangwaron da aka tattake.

Can Rudy ya ce, "Amma ai ka kira ta. A gabana ka zaga da waya."

Lopaka ya dubi takalminsa. Rudy ya jima yana kallonsa, sannan ya tofar da ƙwallon mangwaron da ke bakinsa a tafin hannu, ya rasa inda zai jefa shi, ya sa a aljihu.

Pomai ce ta fara motsi. Ta zauna a bakin baranda ta haɗa hannuwa a tsakanin gwiwoyinta. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Zan ce ni ce," ta ce. "Zan ce ka kira ni ka tambaya, ni kuma ina cikin aiki na ce maka babban. Ni Tutu za ta yi fushi da ni kwana biyu ta huce. Kai kuwa in ta sa maka ido, shi ke nan har abada, kuma kowane taro sai na riƙa raba zama tsakaninku."

"Pomai..."

"Ka bari kawai, Baba. Kai dai ka yi shiru gobe."

Ya buɗe baki zai ce a'a. Kalmar ba ta fito ba. Abin da ya fi ba shi kunya daga baya shi ne sanyin da ya ji ya sauko masa a ƙirji a wannan lokacin, irin na wanda aka sauke wa kaya.

Da suka koma gida Rudy bai ko shiga ya sha ruwa ba. Lita ta ji labarin a bakin 'yarta, tana tsaye tana yanka albasa. Ta gama yankawa, ta wanke wuƙar, ta goge, sannan ta juyo.

"Wato yarinyar nan za ta shiga gidan miji da itacenka a ka."

"Ita ta ce."

"Ita ta ce. Tana shekara bakwai ta ce za ta tuƙa motarka, ka ba ta makulli?"

"Lita, ba ki san matar nan ba. In ta dube ka..."

"Na san ta. Mace ce mai shekara saba'in da takwas da ciwon ƙugu. Zo ka ci abinci."

Bai iya ci ba. Ya fita bayan gida ya kwance injin ya wanke kowane haƙori, abin da ba ya buƙatar wanki.

Lahadi da rana suka koma, shi da Pomai. Ya tsaya a hanya ya sayi kwalin fanke mai sukari, don ba a shiga gidan mutane hannu biyu. Da suka zo daidai dutsen bai dube shi ba. Pomai tana ta maimaita abin da za ta faɗa, leɓɓanta na motsi ba sauti.

Sun tarar Nainoa ya riga ya ɗauko kakarsa daga filin jirgi. Akwatinta yana nan a bakin shinge, ba a ko shigar da shi ba. Tutu Momi na tsaye a gaban kututturen, ta dogara da sanda, furen da ƙanwarta ta rataya mata yana wuyanta. Nainoa ya tsuguna ya ɗora tafin hannu a kan farin itacen. Rana ta cika tsakar gidan, wurin ya yi fayau kamar kan da aka aske.

Lopaka ya tsaya da kwalinsa, ya rasa wanda zai miƙa wa.

"Tutu," in ji Pomai, "laifina ne. Baba ya kira ni ya tambaya, ni kuma mutane sun yi mini yawa a kanti, sai na ce masa..."

Nainoa ya ɗago ya dube ta. Ba fushi ba ne a idonsa. Kallon wanda yake ƙoƙarin gane mutumin da ya zaci ya sani ne. "Ke? Pomai, ke da muka zauna a nan na ba ki labarin..."

"Na rikice ne. Na ɗauka..."

Lopaka ya ga wuyan 'yarsa ya yi ja. Tun tana ƙarama haka wuyanta yake yi in ta yi ƙarya, kuma ba ta taɓa iyawa ba. Ya ga yadda saurayin ya janye idonsa daga kanta ya mayar ƙasa. Ya ajiye kwalin a kan ciyawa.

"Ba haka aka yi ba, Anti."

"Baba."

"Yi shiru, Pomai. Ban kira ta ba. Ban kira kowa ba. Ta zo ne bayan mun gama. Kin ce gefen Diamond Head, ni kuma na tafi wajen fitowar rana kamar ina Kalihi. Surukina ya ce mini wancan ne mara lafiya, ya ce in kira ki. Na zaga bayan mota da waya, na tsaya, na dawo na ce masa shi ne. Duwatsun ma na gan su."

Bai taɓa yin magana mai tsawon haka a gabanta ba.

Tutu Momi ta juyo gaba ɗaya, da sandar da komai. Ta dube shi ta saman tabarau.

"Me ya hana ka kira na?"

"Kunya, Anti."

"Kunyar me?"

"Kada ki ce uban Pomai bai san hagunsa da damansa ba."

"To yanzu me zan ce?"

Wata mota ta wuce a titi, mai ita ya rage gudu yana leƙen gidan.

"Shekara talatin da biyar," in ji ta, "ban taɓa jin tsoron yaron da ya ce bai gane ba. Wanda ke cewa na gane, na gane, shi ne yake ƙona ɗakin gwaji." Ta juya ga Pomai. "Ke kuma. Ba ki ko shigo gidan ba kin fara yi mini ƙarya a tsakar gidana."

"Ki yafe ni, Tutu."

"Uban wa kike karewa, naki ko na maƙwabta? Naki ne, to na ji. Kada ki ƙara. Kuma ba ki iya ba ma."

Nainoa ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa. Dogo ne, sai da Lopaka ya ɗaga kai. Ya jira zagi, ko ma abin da ya fi zagi, yana ganin da an yi masa da ya samu sauƙi.

"Kawu, kada ka tono kututturen."

"Ba zan taɓa shi ba."

"Kada ka zuba masa komai. Ka bar shi yadda yake."

"To."

Saurayin ya je gefen baranda ya fara ɗauko duwatsun yana mayarwa. Lopaka ya matsa zai taya shi, ya ce, "Bari, Kawu. Na san yadda suke." Pomai ta tsaya jim, sannan ta je ta ɗauki ɗaya ta miƙa masa. Ya ɗan jima kafin ya karɓa, amma ya karɓa, ya nuna mata na gaba.

Tutu Momi ta samu gunduwar itacen ta zauna a kai, tana numfashi da ƙyar. Ta daɗe tana kallon yaran. Lopaka ya ga haɓarta tana rawa, ya kawar da kai.

"Mijina da hannunsa ya haƙa ramin," ta ce, ba tare da ta dube shi ba. "Ya ƙi shebur. Ya ce ba a binne mutum da ƙarfe tun yana da rai." Ta share hanci da gefen hannu. "Za a yi biki a nan, inda aka ce. A gaban kututturen za su tsaya. Ba za a kafa rumfa a kansa ba."

"Anti, rana fa? Ƙarfe sha ɗaya ne. Zan iya samo..."

"Ka samo isasshe. Saurara. Dangina za su zo daga Molokai, daga Maui, wasu tun suna yara suke shan mangwaron nan. Kowa zai tambaya ina itacen. Ni ba zan amsa ba, Nainoa ba zai amsa ba, yarinyar nan ma haka. Kai za a turo wa. Kuma yadda ka faɗa mini yanzu haka za ka faɗa, har da bayan motar."

"To, Anti."

"Asabar mai zuwa ka dawo ka sare wancan. Ina zaune za ka yi."

Haka aka yi. Ta sa aka fito mata da kujera, ta zauna tun daga reshen farko har na ƙarshe, ba ta ce masa sannu ba, amma da azahar ta sa aka kawo masa ruwan sanyi.

Ranar biki tun ƙarfe tara mutane suka fara isowa, suna tuɓe silifa a bakin baranda, suna rungumar juna. Kowa ya shigo sai ya ja ya tsaya ya ɗaga kai yana neman abin da babu. Sai a nuna masa mutumin da ke tsaye bakin shinge da sabuwar farar riga. Lopaka ya faɗa wa likitan. Ya faɗa wa lauyan, wanda ya sa ya maimaita wurin wayar sau biyu. Ya faɗa wa ƙanwar Tutu Momi, wadda ba ta ji sosai, sai da ya ɗaga murya har masu gasa kifi a bayan gida suka ji. Wasu suka yi dariya, wani tsoho daga Maui ya ce shi ma ya taɓa kai gawa makabartar da ba ita ba saboda irin wannan kwatance. Wata mata kuwa ta saurare shi har ƙarshe, ta juya ta tafi ba ta ce uffan ba, kuma ita ce ta fi tsaya masa a rai. Rudy ya zo ya tsaya kusa da shi, karo na farko a rayuwarsa bakinsa a rufe. Da aka kai mutum na ashirin da wani abu, sai Rudy ya ce, "Ni ma na sha mangwaron, guda shida," kamar mai neman a raba masa kason laifin.

Ƙarfe sha ɗaya Lopaka ya riƙo hannun Pomai ya kawo ta gaban kututturen. An lulluɓe shi da ganye da furanni, duwatsun na zagaye da shi. Nainoa ya karɓi hannunta, ya ɗan sunkuyar wa Lopaka da kai, iyakarta ke nan. Rana kuwa ta buɗe sosai. Mata suna fifita da takardar tsarin biki, maza gumi ya jiƙa musu baya, jarirai suna kuka.

An ajiye masa kujera a layin gaba kusa da Lita. Zai zauna sai ya ga Tutu Momi a ɗaya gefen, rana na dukan farin gashinta, ta runtse ido, ta ƙi a matsar da ita. Wata jikarta ta kawo lema ta rasa yadda za ta yi da ita ga jariri a hannu. Lopaka ya tsallaka ya karɓa, ya buɗe, ya tsaya a bayan kujerar tsohuwar.

Ba ta waiwayo ba. Daga nan ya kalli ɗaurin auren 'yarsa, a tsaye, ta gefe, rabin fuskarta kawai yake gani. Fasto ya yi doguwar addu'a, ƙanwar Tutu ta yi waƙa mai baiti da yawa, lauyan ma sai da ya ce wani abu. Gumi ya gangaro ya shiga idon Lopaka, bai goge ba. Lemar ta fara kaɗawa.

"Hannunka na rawa," in ji Tutu Momi ƙasa-ƙasa, idonta na kan yaran. "Sauya hannu. Da saura."

Ya sauya.